A Ƙarƙashin Soron Kyaftin

Tsohon Soja muke ce wa jirgin. Sunansa na gaskiya an shafe shi da fenti tun kafin ya iso Jidda, kuma a cikinmu babu wanda ya damu ya kankare ya gani. Jirgin yaƙi ne na Turawa, ya yi yaƙin duniya na biyu, da ya gaji aka cire masa manyan bindigoginsa aka sayar wa wani attajirin unguwar Balad a matsayin ƙarfe. Aka jawo shi aka ɗaure can bayan duwatsun teku, inda in ka tsaya a kansa kake hango garin fari fat kamar an shanya wanki. Aikinmu mu cinye shi da guduma da wutar yanka ƙarfe, tagulla gefe, waya gefe. A 1966 ke nan, lokacin ina da ƙarfina.

Ni sunana Bello. Daga Bur Sudan na tsallako a kwalekwalen sambuk, wai aikin hajji. Hajji ya ƙare, ni ban koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya mini, in na hango kakin ɗan sanda sai in shige lungu ina addu'a. A haka wani ya ce in nemi Baba Na'ibi a bakin ruwa, shi ne mai gadin jirgin kuma shi ne kan ma'aikata, yana ɗaukar irinmu.

Baba Na'ibi mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, ya daɗe a Jidda, takardunsa tsaf. Dogo ne, ba ya yawan magana, shi yake jan mu salla. Duk Bahaushen da ya faɗo garin ba kowa, in ya zo wurinsa zai ba shi guduma da wurin kwana. Kada wani ya ce ina zaginsa. Mutumin kirki ne, kirkin ma da yawa, kuma abin da ya sa har yau in na tuna shi raina yake ɓaci ke nan.

Mu huɗu ne marasa takarda a jirgin. Da ni, da Malam Usuman, magidanci mai mata da yara a unguwar Sabil, da Yahya, haifaffen Jidda wanda iyayensa suka mutu ba su taɓa rubuta shi a ko'ina ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Na huɗunmu Mahmudu, ɗan farin Baba Na'ibi.

In ba a gaya maka ba, ba za ka taɓa cewa sun haɗa jini ba. Tun daga yaye aka ba kakarsa shi a Mai Wurno, iyayen suka wuto Hijaz. Sai da tsohuwar ta rasu ya biyo su, yana da gemunsa, ya baro matarsa da 'yar jaririya a can, da niyyar in ya samu takarda ya aika su zo. To kun san kara irin ta mutanenmu a kan ɗan fari. Ta Baba Na'ibi ta wuce ta kowa. "Kai wannan" yake ce masa, shi ma sai dole. In ana rabon kifi, na Mahmudu ne mai ƙaya. In akwai aikin da kowa ke gudu, kankarar tsatsa a can gindin jirgi inda hayaƙi ke taruwa, Mahmudu za a tura, don kada a ce an fifita na gida. Ga shi kuma yana da fuka. In ta taso masa ƙirjinsa har kuka yake yi, sai ya fito sarari ya dafa gwiwa yana neman iska, uban ya wuce ta gabansa yana kallon teku.

Na taɓa ce masa, "Mahmudu, wannan tsohon naka kuwa lafiya? Ko sayo ka ya yi?"

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Kai ba ka da hankali, Bello. So kake ya goya ni a gaban mutane?"

Shi abin bai dame shi ba, ko kuwa ya iya ɓoyewa. Ni ne dai nake tsaki a madadinsa.

Can ƙololuwar jirgin akwai ɗakin da muke kira soron kyaftin, tagogi kewaye da shi. Nan ne mai ba da umarni yake tsayawa a zamanin yaƙi. Akwai kujera doguwa da aka ɗaure da ƙasa, da kamfas a cikin gidansa na tagulla, da wani ƙarfe mai hannu da ake turawa ya buga ƙararrawa a ɗakin inji. A jikin bango kuma bututai ne jere, kowanne da baki kamar na kakaki, kowanne yana sauka wani ɗaki a cikin jirgin. Ka sa baki ka yi magana, na ƙasa ya ji ka kamar kuna tabarma ɗaya. Baba Na'ibi a soron yake zama, nan yake dafa shayi, nan yake hango duk abin da ya taso daga gari.

Hawa biyu ƙasa da shi akwai ɗakin yaƙi. Wannan ba shi da taga ko ɗaya. Bangonsa ƙarfe ne mai kauri, an lulluɓe shi daga ciki da wani abu mai laushi da ke shanye sauti. A tsakiya akwai tebur babba mai gilashi inda ake shimfiɗa taswira, a bango kuma madubai zagayayyu baƙaƙe na na'urar hango jirage, da tarho a rataye sun yi tsatsa, da kujeru ƙanana a jere. A da injin ne ke hura masa iska. Injin ya mutu tun tuni, hanyoyin iskar ma mu da hannunmu muka yanke su muka daddanne bakinsu. Abin da ya rage ya haɗa ɗakin da duniya shi ne bututun magana guda, wanda ya hau zuwa soron.

Nan ne maɓoyarmu. In Baba Na'ibi ya hango kwalekwalen injin masu duba takardu, sai ya kwaɗa wani tsohon faranti, mu huɗu mu jefar da kayan aiki mu afka ɗakin yaƙi. Ya ja ƙofar, ya sa ƙaton kwaɗo ta waje, a jibga igiyoyi da tsofaffin gwangwanaye a bakinta, kamar an shekara ba a buɗe ba. Jami'i ya hau, ya duba iƙamar sauran ma'aikata, ya kurɓi shayi, ya sauka. Kafin gumi ya gama jiƙa maka riga an buɗe. Mun yi haka ba sau ɗaya ba, har mun mayar da shi wasa.

Ranar da nake ba da labari tsakiyar zafi ce, irin zafin Jidda mai ɗanshi da ko a inuwa sai ka ji kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Da hantsi aka buga farantin. Mahmudu ya fito daga gindin jirgi duk jikinsa jar tsatsa, tuni yana ɗan tari. Na ga uban ya dube shi, kallo ɗaya, sannan ya kawar da kai ya ce, "Yalla, ku shiga." Muka shiga da tocila ɗaya mai raunin batir. Ko ruwa ba mu ɗauka ba, tun da yanzu za a buɗe.

Muka zauna a ƙasa muka jingina da ƙafar teburin. Yahya ya hau kujerar da ke kusa da bakin bututun, don shi ya fi mu jin Larabci. Muka ji takun takalmi a sama, muka ji sallama, muka ji ƙarar kofuna. Yahya ya raɗa mana cewa ba wanda muka saba ba ne, wani sabon mulazim ne, wato ƙaramin hafsa, muryarsa ta saurayi.

Ya duba takardu ya gama. Maimakon ya sauka, sai muka ji kujerar kyaftin ta yi ƙara, ya hau ya zauna.

"Ya hajji," in ji shi, "ka san inda kake dafa shayinka kuwa? A irin wannan jirgin na yi karatuna a ƙasar waje. Wallahi da na hango shi daga nesa sai da zuciyata ta motsa."

Ba mugu ba ne, wannan ma sai na faɗa. Yaro ne mai kewar abin da ya sani, ya samu tsoho mai sauraro. Ya tura hannun ƙarfen nan, ƙararrawa ta buga can cikin jirgi har muka zabura. Ya yi ta bayani. Wai na soro yana ganin teku da idonsa amma bai san abin da ke bayan hazo ba, na ɗakin yaƙi kuma ba sa ganin ko hasken rana amma su ne suka san inda maƙiyi yake. Wai kyaftin da ba ya sauraron na ƙasa, jirginsa ya halaka. Ya ce yana so a kai shi ya ga ɗakin.

"Makullin yana hannun mai jirgi, ranka ya daɗe," in ji Baba Na'ibi. "Ba komai ciki sai ɓeraye."

"Kash." Sai muka ji ya ƙwanƙwasa bututun da zobensa, ƙarar ta sauko mana har cikin haƙora. Ya sa baki yana dariya ya ce, "Ɗakin yaƙi, ɗakin yaƙi, kuna ji na?"

Muryar ta cika ɗakin kamar yana tsaye a kanmu. A daidai lokacin tari ya taso wa Mahmudu. Ya cusa gefen rigarsa a baki ya danne, jikinsa yana girgiza a jikin nawa, hawaye na zuba. Tarin da ya haɗiye a lokacin nan, daga shi ƙirjin ya rufe.

Muka ji mulazim ya koma kujera. Ya ce, "Ni ban iya kiran babba da sunansa ba, ya hajji. Kai Abu wane ne? Wa ye babban ɗanka?"

Baba Na'ibi ya ce, "Abu Zakiya ake ce mini."

Zakiya ƙanwar Mahmudu ce, wadda aka haifa a nan. Na san ko ba don kara ba ba zai ambaci ɗan da ba shi da takarda a gaban jami'i ba. Duk da haka sai da na juya na dubi Mahmudu a ɗan hasken tocilar. Bai ɗago ba, yana fama da numfashinsa.

Rana ta take. Ƙarfen bangon ya fara ɗaukar zafi, gumi yana ɗiga daga haɓarmu. Muka ji mulazim ya ce bari ya tafi, har muka fara hamdala. Sai Baba Na'ibi ya ce, "Ai da ka tsaya an ci abinci, ga kifi can ana soyawa."

Tayi ne irin namu, wanda ake yi don baƙo ya ce alhamdu lillahi ya kama hanya. Bakin tsohon ne ya saba, bai iya sallamar mutum a kan abinci ba tare da ya faɗa ba. Shi kuwa wancan ya ce, "Wallahi ka kyauta. Na daɗe ban ci abinci a jirgi ba." Malam Usuman ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi."

Daga nan ƙirjin Mahmudu ya fara kukan nan nasa, siriri, yana ja yana saki. Muka cire masa riga. Na yage wani tsohon kwali daga bango ina masa fifita, amma iskar da nake kaɗa masa ita ce dai wadda muka riga muka shaƙa muka fitar. Muka ɗaga shi muka kai fuskarsa bakin bututun, don ta nan ne kaɗai wani ɗan sanyi yake saukowa, ɗan kaɗan, kamar hucin jariri. Ya ɗan samu. Yana riƙe da bakin tagullar da hannu biyu.

Da azahar ta yi muka ji mulazim ya nemi buta ya fita alwala. Takunsa na nisa sai ga muryar Baba Na'ibi a bututun, ƙasa-ƙasa.

"Jama'a, lafiya? Ku ƙara haƙuri."

Yahya ne a kusa. Ya janye Mahmudu gefe ya sa baki. "Ammi Na'ibi, iftah, buɗe! Waladak, ɗanka ne, ɗanka Mahmudu ba ya numfashi. Wallahi zai mutu!"

Yaron ya tashi cikin Larabawa, inda uba ke ɗora ɗan farinsa a kafaɗa yana yawo da shi kasuwa, ana kiransa da sunan yaron yana jin daɗi. A ganinsa ya faɗi kalmar da za ta sa tsohon ya sauko a guje. Ban ga laifinsa ba, har gobe.

Muna jin numfashin Baba Na'ibi a cikin bututun.

"Usuman fa?" in ji shi.

"Lafiyarsa lau."

"Bello fa? Kai fa?"

"Mu ba komai, ammi, shi ne kawai!"

"Shi kaɗai."

"Shi kaɗai, yalla, buɗe!"

Sai ya ce, "To. Ku ce ya daure. An kusa."

Mahmudu ya kamo hannuna a duhu. Da ƙyar maganar take fita, kalma ɗaya ya huta, kalma ɗaya ya huta. "Kash, Yahya. Da ka ce... Bello ne."

Ni da Malam Usuman mun gane nan take. In aka buɗe ƙofar nan mulazim yana jirgin, mu huɗu duka sai gidan tarhil, daga can a zuba mu a jirgi a mayar da mu Sudan, yaran Malam Usuman su tashi ba uba a Sabil. Da ɗan wani ne yake shaƙewa, Baba Na'ibi zai buɗe, ya ce rai ya fi takarda, kowa ya ce ya yi daidai. Amma ya tona asirin 'ya'yan mutane uku don nasa ɗan? Ɗan farinsa? Ya gwammace ƙasa ta tsage.

Na ture Yahya na kai bakina zan ce ni ma na faɗi, ni ma mutuwa nake. Kafin in buɗe baki muka ji takun mulazim ya dawo yana cewa, "Me ke kuka haka, ya hajji? Kamar usur."

"Iska ce a bututu," in ji Baba Na'ibi. "Haka take yi."

Muka ji wani ɗan motsi, kamar ana cusa tsumma. Muryoyin suka yi nisa, suka ɓace. Na sa tafin hannuna a bakin bututun. Ɗan sanyin nan ya ɗauke.

Na yi ihu a cikinsa har maƙogwarona ya yi zafi. "Baba! Ni ne Bello! Ni ne ba lafiya!" Muryata ta dawo mini a fuska. Na ɗauki ɗaya daga tarhon bango na fizge shi na fara dukan ƙofa. Malam Usuman ya riƙe ni yana cewa, "Bello, don Allah, yarana, ka ɗan jira, ƙila yanzu ya tafi." Na ce, "Sake ni, Malam, ko in haɗa da kai!" Bai sake ni ba sai da Mahmudu ya zame daga jikin tebur ya kwanta. Daga nan shi da kansa ya ɓalle ƙafar kujera, ya fi ni dukan ƙofar ma, yana duka yana kuka yana kiran sunan Allah.

Sai muka ji gudumomi sun tashi a sama, ko'ina a jirgin, gaba da baya. Wa yake aikin ƙarfe da tsakar rana a Jidda cikin wannan zafi? Ko jaki ana kai shi inuwa. Tsohon ne ya tashi sauran ma'aikata daga hutu ya ce su kama aiki, don duk wani motsi daga ƙasa ya ɓace a cikin ƙarar. Su ba su san komai ba, an ce su buga suna bugawa. Dukanmu ya shige cikin nasu, ba mai bambancewa.

Tocila ta mutu. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, a duhu irin wannan ba a sanin lokaci. Hannuwanmu suka mutu, muka zube. Kaina yana sarawa, harshena ya bushe ya manne. Na jawo kan Mahmudu na ɗora a cinyata ina shafa masa ƙirji, ba don yana amfani ba, don ban san abin da zan yi ba. Yahya yana gefe yana ta maimaita, "Ni na ce ɗansa ne, ai ɗansa ne, me na yi?"

Mahmudu ya yi maganar 'yarsa, wai ta fara zama lokacin da ya taho. Ya nemi ruwa. Can kukan ƙirjin ya fara raguwa, yana ja a hankali, yana daɗewa kafin ya sake. Malam Usuman ya ce, "Alhamdu lillahi, ta fara sakinsa." Ni ma haka na so in yarda. Malam ya matso yana masa kalmar shahada a kunne duk da haka.

Gudumomi suka tsaya. Muka ji ana jan gwangwanaye, kwaɗo ya yi ƙara, ƙofa ta buɗe. Hasken la'asar da iska suka shigo tare, har sai da na ji jiri. Baba Na'ibi ne tsaye da tulu a hannu ɗaya da kofin silba a ɗaya.

Ya fara da Malam Usuman, don shi ne babba. "Sannu, Usuman. Sannu. Ka yafe mini." Ya tsaya har ya shanye. Ya cika ya miƙa wa Yahya. "Sannu, ɗana." Sannan ya tsugunna a gabana, ga kan ɗansa a cinyata, gwiwarsa har tana taɓa kafaɗar yaron, amma idonsa a kaina yake. Ya miƙo kofin.

Na ce, "Baba, Mahmudu."

"Sha tukuna."

"Baba, don girman Allah!"

"Sha, Bello. Kai baƙo ne a hannuna."

Ruwan kofin yana ɗiga a kan ƙirjin Mahmudu. Na karɓa na kurɓa don kawai ya wuce ni. Sai a sannan ya sunkuyar da kai. Ya tallafo ƙeyar ɗan nasa ya kai kofin bakinsa. Ruwan ya bi gefen baki ya gangara kunne. Ya sake gwadawa. Ya ajiye kofin a hankali, ya sa yatsu biyu ya rufe masa ido, ya yi salati da irin muryar da ake yi in an ce maƙwabci ya rasu.

"Ku taimaka a fitar da bawan Allahn nan," in ji shi.

Muka shimfiɗe shi a inuwar soron muka rufa masa zanen gado. Aka tura mai kwalekwale ya je gari ya sanar da mai jirgi, don shi ne zai san yadda za a yi da hukuma a samu binnewa. Sauran ma'aikata suka taru, labari ya riga ya zaga. Wani dattijo cikinsu ya riƙe hannun Baba Na'ibi yana cewa, "Malam, ka yi kara. Wallahi samun irinka sai an tona. Ka rufa asirin 'ya'yan mutane, Allah ya rufa naka." Saura suna amin, amin. Shi kuma yana amsawa, "Ba komai. Kwana ne ya ƙare."

Ni kam ji na yi kamar in ɗauki guduma in bi su ɗaya-ɗaya. Wa ya roƙe shi? Ni na ce a saya mini zaman Jidda da numfashin mutum? Da an tambaye ni, wallahi da na zaɓi tarhil, in koma Bur Sudan in yi dako har in mutu. Ba a tambaye ni ba. Na tashi daga wurin don kada bakina ya yi abin da ba a yi a gaban gawa.

Ina tsaye a gefen jirgi sai na ji ya ce, "Bello, zo ka taya ni kwashe kwanuka."

Na bi shi muka hau soron. Ga farantin shinkafa da ƙayar kifi, ga kofunan shayi biyu, ga sallayar da mulazim ya yi salla ba a naɗe ba. Sai a lokacin na lura kansa ba hula. Tana can cushe a bakin bututun, ya danna ta har ciki da ƙarfi. Ya sa yatsa yana ƙoƙarin zaro ta, ta ƙi fita. Ya bar ta. Ya tsaya ya ba ni baya yana kallon gari.

"Da kai ne, da na buɗe," in ji shi. "Wallahi da na buɗe."

"Na sani, Baba."

"Da wane ido zan dubi matar Usuman? A ce na kori mutum uku don nawa?"

Na sunkuya na fara tattara kwanukan.

"Shi... wannan ɗin. Ya san dalili?"

"Ya sani. Tun kafin ka toshe ya sani."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Ya dafa kujerar kyaftin. Da ya sake magana muryar ba tasa ba ce, ta zama ƙarama.

"Bai yi fushi da ni ba?"

Na san abin da ya kamata in ce. Tsoho ne, ɗansa yana kwance a ƙasa, kowane ɗan halak zai ce a'a Baba, ya yafe maka, da murmushi ya cika. Amma cinyata har lokacin tana jin nauyin kan Mahmudu.

Na ce, "Bai samu numfashin yin fushi ba, Baba."

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin kwanukan, ya kama kansa da hannu biyu. Sai wani sauti ya fito daga cikinsa wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya yi maza ya cusa hannun rigarsa a baki, ya nuna mini tagogin da ɗaya hannun. Mutane suna ƙasa, za su ji. Na bi tagogin na rurrufe masa, na sauko na zauna kusa da gawar.